Ranar da Aka Bar Sarewa Ta Yi Ihu

Duk yaron da ya buɗe ido a garin nan cikin shekarun baya-bayan nan ya san muryar Tsinke. Tsinke shi ne ɗan siririn yaron nan na katun ɗin yamma, mai kunnuwa fato-fato, wanda ke tuƙa wani tsohon kumbo mai tari daga wannan duniya zuwa waccan, shi da ƙanwarsa da wani mutum-mutumi mai mantuwar tsiya. Abin da yaran ba su sani ba, har da iyayensu, shi ne muryar ba ta yaro ba ce. Ta wata mata ce gajera mai ciwon gwiwa, uwar 'ya'ya uku, wadda ke shiga bas daga ƙarshen layi da flas ɗin ruwan ɗumi a jaka. Ana ce mata Sarewa.

Ba don yabo aka sa mata sunan ba. Muryarta ce ta ƙi girma. Jiki ya girma, aure ya zo, haihuwa ta zo, murya kuwa tana nan inda aka bar ta tun tana aji uku. In ta ɗaga waya sai a ce, “Yarinya, ba mamanki.” In ta yi ciniki a kasuwa sai mai kaya ya yi dariya kafin ya faɗi farashi. Ta sha kuka a kan wannan murya, ta sha faɗa, daga baya ta koyi rage magana a cikin mutane.

A kantin magani take aiki lokacin da abin ya juya. Wata rana tana bayan kanta tana wanke mai kawo kaya tas saboda ya jibge mata kwalaye a hanya, sai wani dogon mutum da ya zo sayen maganin mura ya leƙo ya ce, “Don Allah ina yaron da ke faɗan nan?” Ta fito a fusace ta ce ga yaron nan, me ake nema da shi? Mutumin bai yi dariya ba. Ya karkata kai ya ce ta sake faɗin abin da ta faɗa. Mai ɗaukar sauti ne, abokan aikinsa na ce masa Kunne, domin yana jin ƙarar agogon hannun mutum daga bayan ƙofa. Ya yi mata bayani cewa ba a ɗaukar yara maza su yi muryar yaron katun, saboda kana cikin aiki da yaro sai wata safiya ya zo maka da muryar babansa. Mata ake nema, irin waɗanda muryarsu ta tsaya wuri ɗaya.

Haka abin da aka yi shekaru ana tsokanarta da shi ya zama sana'a.

Katun ɗin a wata ƙasa mai nisa ake zana shi, a aiko, su kuma a nan su cire bakin can su sa Hausa. Wurin aikin tsohon sito ne a saman bene. An manna soso a bango, an yi ƙofa biyu, an raba ɗakin da gilashi. Ba fanka ba taga, domin makirufo ba ya yafe ko motsin iska, sai mutum ya yi sharkaf da gumi a tsaye. Ba a nuna wa mai murya labarin gaba ɗaya. Kunne ne ke zaune bayan gilashi yana bin bakin Tsinke a allo, duk inda bakin ya motsa sai ya tsayar, Sarewa ta cika shi da magana, a wuce gaba. Sau da yawa sai ta gani a talabijin take sanin dalilin dariyar da ta yi wata biyu baya.

Akwai ƙa'ida ɗaya a ɗakin da kowa ya sani, har mai shara. Ihu a ƙarshe ake yin sa. Tsinke yaro ne mai faɗowa daga abubuwa, kusan kowane kashi sai ya kurma ihu, shi kuwa ihu yana cin maƙogwaro. Saboda haka sai an gama duk maganar ranar a zo kansa, kuma ba a maimaita shi da yawa. Ta yi ɗaya, ta yi biyu, in ta buɗe baki za ta ƙara sai ta ga tafin hannun Kunne a jikin gilashi.

“Ya isa, Yaya. Gobe ma muna son Tsinke.”

Ita ma ta riƙe nata alƙawarin na kiyaye muryar, fiye ma da yadda aka nema. Mijinta mai gyaran firji ne, tsakar gidansu cike da firjin mutane, kowanne na gurnani yana fitar da sanyi, amma ita shekara goma sha wani abu ba ta kurɓi ruwan sanyi ba. Yakan ce shi kaɗai ne mai gyaran firjin da matarsa ba ta yarda da aikinsa ba. Ba ta daka wa 'ya'yanta tsawa, in sun ishe ta sai ta buga cokali a murfin tukunya, kuma sun fi tsoron murfin nan da tsawar ubansu. Ranar da mahaifiyarta ta rasu ma a hankali ta yi kuka, hannu a baki, domin akwai aiki a makon. Kamfanin kuma ya roƙe ta kada ta riƙa faɗin ita ce Tsinke, wai kada a ɓata wa yara, sunanta ma ba ya fitowa a ƙarshen shirin. Ba ta damu ba. In tana cikin bas ta ji yara suna kwaikwayon dariyar Tsinke, sai ta juya fuska wajen taga ta yi murmushinta ita kaɗai.

To, wannan matar aka yi wa abin da aka yi.

An kawo sabon darakta a shekarar, matashi mai ladabi, irin mai ladabin nan da ke rusunawa ya gaishe ka alhali ya riga ya gama shawara a kanka. Ran nan ya tarbe ta tun daga matakala, ya karɓi jakarta, “Mama sannu da zuwa, Mama ya gwiwa.” Aka yi maganganun kashin lafiya lau. Daga guntayen da ta gani ta fahimci kumbon ya kusanci wani gajimare mai launin shuɗi da ke haɗiye duk abin da ya raɓe shi, Tsinke kuma ya fita waje da igiya a ƙugu zai gyara wani abu. Sai aka zo ihu. Igiya ta tsinke, yaro ya yi ta wulwulawa cikin gajimaren, bakinsa a wangame, kuma faɗuwar doguwa ce, ta fi duk wadda ta taɓa gani.

Ta ja numfashi ta yi na farko. Darakta ya danna maɓalli ya ce, “Ya yi kyau, Mama. A ƙara tsawo.” Ta ƙara. Ya ce a ƙara tsoro. Ta ƙara. Ta dubi gilashi tana jiran hannun da ta saba gani. Kunne na duƙe a kan na'urarsa kamar ranar aka kawo masa ita.

“Wani kuma, Mama. Wannan karon har ƙarshen numfashi. Kada ki rage komai.”

Me za ta ce? Mace ce da ba ta taɓa yi wa aiki gardama ba. Ta ɗauka abin ne bai fito ba, har tana jin kunyar tana ɓata musu lokaci. Ta yi ta yi. Gumi ya jiƙe mata wuya. Maƙogwaro ya fara zafi, daga zafi ya koma kamar ta haɗiyi ƙaya, darakta kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa saura kaɗan. A wani ihun da ta saki da iyakar ƙarfinta sai ta ji wani abu ya ce ɗas a wuyanta, sautin ya yanke a tsakiya, iska kawai ke fita.

“Shi ke nan! Wannan nake nema,” in ji darakta. “Mun gama, Mama. Allah ya saka.”

Ta ɗauki flas ɗinta ta buɗe ƙofa ta farko, ta buɗe ta biyu. A kan bencin da ake jiran layi ta tarar da wani saurayi mai gemu, ƙaton gaske, da abin sauraro a kunne, idonsa a rufe. Dariyar Tsinke yake koyo. Irin tsalle ukun nan da dariyar ke yi kafin ta fashe, wanda ita ta ƙirƙira da kanta a wannan ɗakin, shi yake maimaitawa da murya kamar ana mirgina ganga. Da ya buɗe ido ya gan ta sai ya miƙe da fara'arsa.

“Mama, ke ce? Wallahi da muryarki na tashi. Ni ne zan karɓi Tsinke in ya fito daga gajimaren nan babba.”

Yaron ba shi da laifi, ya ɗauka ta sani. Sarewa ta tsaya da flas a hannu. Ba girman Tsinke ne ya ƙona mata rai ba, ita da ta raini uku ta san yaro ba ya zama yaro har abada, kuma masu zane a can ƙasarsu ba su ma san tana duniya ba. Hannun nan da bai ɗagu ba, shi ne ya tsaya mata. Ashe duk shekarun nan ba ita ake tausaya wa ba, kayan aiki ake adanawa. Yau da aka san gobe ba a bukatarsa sai aka matse shi har ƙasa, yadda ake yi wa man goge baki kafin a jefar da kwalinsa.

Ta koma ciki. Darakta na tattara wayoyinsa, Kunne na naɗe igiyar makirufo da bai kamata a naɗe ba. Ta buɗe baki. A duk rayuwarta ba ta taɓa samun ranar da ta cancanci ta ɗaga murya kamar wannan ba, kuma a ranar ce babu muryar. Abin da ya fito raɗa ce mai kaushi.

“Ka sani?”

Kunne ya kasa kallonta. “Yaya, an ce kada a gaya miki sai an gama. Wai in kin sani ɓacin ran zai shiga cikin muryar.”

“Ba wannan na tambaye ka ba. Hannunka fa?”

Ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Darakta ya shigo tsakani da ladabinsa, ya ce Mama ta yi haƙuri, kashin nan shi ne mafi girma a shekarar, ihun dole ya fita daban, kuma ai yanzu za ta huta. Huta! Kamar ita ta ce masa ta gaji. Har ya ce ana shirya mata 'yar walima. Ta dube shi sama da ƙasa, ta zare jakarta daga kujerar da ya ajiye ta, ta sauka matakala tana dafa bango.

Mijinta ne ya yi ihun da ta kasa yi. Ya jefar da sukundireba, ya ce yanzu zai je ya ga uban da ya tsaya wa daraktan nan, sai da ta riƙe masa riga. Washegari ya kai ta wurin likitan maƙogwaro. Likita ya leƙa da ɗan madubi da fitila, ya ce jijiyar murya ta fashe ta tara jini. Ya ce shiru za ta yi, shiru na gaske, makonni, ko raɗa ban da, domin raɗa ta fi magana illa. In ta kiyaye, akwai fatan muryar ta dawo yadda take. In ta matsa mata kafin ta warke, tabo zai zauna, shi kuwa tabo ba ya fita.

Ta kiyaye. Ta koma nuni da hannu da buga murfi, gidan ya yi tsit ban da gurnanin firji.

Ba a yi mako ba sai ga Kunne a ƙofar gida, da ledar lemo a hannu da fuskar wanda bai yi barci ba. Maigidan ya tare ƙofa ya ce lemon me? Sarewa ta yi masa alama ya bar shi ya shigo. Kunne ya zauna a bakin kujera ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Sun tsallake layin magana ɗaya. Kafin igiya ta tsinke akwai wurin da Tsinke ke yi wa ƙanwarsa magana ta rediyon kumbo. Ba a nuna shi a wurin, fuskar yarinyar kawai ake gani tana saurare, shi kuwa Kunne baki yake bi, da bai ga bakin Tsinke ya motsa ba sai ya wuce. Sai da aka zo haɗa kashin aka ga yarinya na kuka tana amsa wa shiru. Kuma jibi za a miƙa wa gidan talabijin.

“Kai ko kunya ba ka ji ba?” in ji maigidan. “Kun yanka ta, yanzu kun dawo neman abin da ya rage? Likita ya hana. Ku je ku yi da mai gemun naku.”

“Abin da darakta ya ce ke nan,” in ji Kunne a hankali. “Ya ce in ba ta zo ba, saurayin zai matse hanci ya yi. Mun gwada. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, kamar ana zolayarki.”

Sarewa ta san abin da likita ya ce, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Ta san mutanen nan ba su cancanci ko tarinta ba. Amma maganar ƙarshe ce da Tsinke zai yi yana yaro, yaron da ta yi shekaru tana tashi da shi tana kwana da shi, kuma wai wani ƙato ne zai toshe hanci ya yi masa ban kwana. Haushi ya taso mata har wuya. Ta miƙe ta ɗauko jakarta. Mijinta ya ce, “Maman yara, kada ki je. Wallahi ba su kai ba.” Ta gyaɗa kai alamar ta san ba su kai ba, ta sa takalmi.

A ɗakin soso aka kunna mata wurin. Ƙanwar Tsinke ita kaɗai a kujerar tuƙi, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, shuɗin gajimare ya cika tagar kumbo. Sarewa ta kurɓi ruwan ɗumi, ta nemo yaron a inda ya saba zama a maƙogwaronta, ta tura shi waje da ƙarfi ta cikin ciwon.

“Ƙanwata, kada ki ji tsoro. Riƙe sitiyarin da hannu biyu. Ki tafi gida, ina nan tafe.”

Rabin farko ya fito da muryar Tsinke. A kan “ki tafi gida” sai ta karye, ta faɗa ƙasa, ta yi kaushi, ta sake hawa da ƙyar. Ta ji ɗanɗanon jini a bakinta. Bayan gilashi Kunne ya rufe fuska da hannu. Darakta kuwa tsalle ya yi, har da tafi.

“Mama! Kin ji kuwa? Kamar muryar yaro na fashewa zai zama babba! Ko shiryawa muka yi ba za mu samu haka ba. Kada a taɓa shi, haka za a bar shi.”

Ga mutum na tsaye da rauni a wuya, wani na murnar raunin ya dace da labarinsa. Ta cire abin sauraro ta rataye shi a inda ta saba, ta fito. Da darakta ya zo zai karɓi jakarta ta janye. Ta yi masa magana ɗaya, da sauran abin da ya rage mata.

“Ɗan nan, ba fasaha ka ji ba. Ciwo ne.”

Kashin ya fita, aka yi ta yabonsa. A bas ta ji wata mata na ba da labarin yadda 'yarta ta yi kuka a wurin rediyon nan, tana cewa yaron da ke yin muryar Allah ya yi masa baiwa. Walimar ba ta je ba. Kunne ya yi ta aiko da gaisuwa, ba ta amsa ba, kuma babu wanda ya isa ya ce ta yi tsanani.

Murya ta dawo bayan watanni, amma ba tata ba ce. Wata ce mai kauri, dishi-dishi, mai gajiya kafin la'asar. Likita ya leƙa ya girgiza kai, bai yi mata faɗa ba, ya ce haka za a zauna da ita. Ta koma kantin magani, bayan kanta, inda ba a bukatar dogon zance.

Da hutun makaranta ya zo, babbar 'yarta da ke aure a wani gari ta kawo mata jika, 'yar shekara huɗu mai bakin tsiya, wadda rabon da a gan ta tun tana goye. Da yamma yarinyar ta baje a gaban talabijin. Ana maimaita tsofaffin kashi, na lokacin da Tsinke ke yaro. Sarewa ta fito daga kicin tana tambayar 'yarta inda ta ajiye wuƙa, sai yarinyar ta juyo a fusace.

“Kaka, ki yi shiru mana! Muryarki ƙato-ƙato, ba na jin Tsinke.”

Uwar ta ce, “Ke! Kin san wa kike gaya wa haka? Ai kakarki ce Tsinke. Ita ce ke maganar nan da kike ji.”

Yarinyar ta dubi talabijin, ta dubi tsohuwar da ke tsaye da albasa a hannu, ta taɓe baki.

“Ƙarya ne. To ta yi mu ji.”

A talabijin yaron na ta ƙyalƙyala dariya a cikin kumbonsa. Sarewa ta ajiye albasar. Ta gyara tsayuwa yadda take yi a gaban makirufo, ta ɗaga haɓa, ta ja numfashi, ta nemi yaron a inda ya saba zama. Ta nema sosai. Abin da ya fito wani ɗan gurnani ne, sai tari ya biyo baya.

“Kin gani ko, Umma?” in ji yarinyar. Ta matsa kusa da talabijin, ta ƙara sauti.